Masarar da Ta Tsiro a Cikin Buhu

Tasi'u, ajiye wayar nan ka zauna. Tun hantsi kake zarya tsakanin zaure da bakin rijiya, ka danna, ka goge, ka sake dannawa. Na ji abin da ka ce wa matarka, wai za ka cike bayanin harajinka ta waya amma ɗinkin sallah ba zai shiga ciki ba, tunda babu wanda ya gani. Jikana ne kai, ba zan yi maka kara ba. Saurara.

An yi wani mai sayar da hatsi a wata kasuwa. Ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne. Ɗakunan ajiyarsa cike suke da masara da dawa har rufi, motoci na sauke masa kaya daga ƙauyuka. Ubansa makiyayi ne a zamanin jangali, wato harajin shanu, kuma ya taso yana ganin yadda ake kora rabin garke cikin daji idan aka ji masu ƙidaya na tafe. Wannan dabarar ya gada. Da zamani ya juya, aka ce yanzu ba mai zuwa ƙidaya, kowa zai faɗi abin da yake samu da kansa ta intanet, sai ya ga ai ko dajin ma ba sai ya shiga ba. Ya je shagon mai kwamfuta da ke cike wa mutane, ya ce a rubuta shi mai awo ne, mudu-mudu yake sayarwa a kan tabarma. Mai kwamfutar ya dubi shaddar da ke jikinsa ya ce, "Alhaji, mudu fa ka ce?" Ya ce, "Rubutu aka sa ka ko duba?" Aka rubuta, aka tura. Abin da ya biya bai taka kara ya karya ba.

Daga ranar nan, zama ya gagare shi. Wanda ya ce shi mai awo ne dole ya yi kama da mai awo. Ya ninke shaddarsa ya sa a akwati, ya koma koɗaɗɗiyar riga. Motocinsa suka daina shiga kasuwa, sai a sauke a bayan gari, 'yan kura su riƙa jidowa kaɗan-kaɗan. Masu saye suka koma tura kuɗi asusun ƙanin matarsa, shi kuma ya koma zargin ƙanin. In ya hango baƙo da biro a aljihu, sai ya bar shayinsa da zafi ya sulale ta layin masu kifi. Shekara ta zagayo, ya maimaita maganar mudu, don ba yadda za a yi mai tabarma ya wayi gari da motoci. Maƙwabcinsa mai sarin barkono kuwa ya faɗi duk abin da yake samu, ya biya, ya yi ta mita har mutane suka gaji da ji, sannan ya miƙe a kan bencinsa bayan azahar ya yi barcinsa. Mai hatsi yana wucewa yana yi masa dariya, ya rame yana dariyar.

Ana nan sai kasuwar ta yi wa mutane kaɗan, hukuma ta gina sabuwa a bakin titi. Aka ce ba sanayya, ba ɗan'uwa, da bayanin harajin kowa za a raba wuri: masu sari su sami manyan shaguna masu ƙofar ƙarfe, masu awo su sami rumfa. Sarkin kasuwa ya tsaya yana kiran suna. Mai barkono ya sami shago yana kallon titi. Mai hatsi ya ji sunansa a cikin masu daddawa da kuka, rumfa mai faɗin tabarma, a gefen kwata.

Ya ciro shaddar nan ya sa, ya tafi ofis yana huci. Ma'aikacin bai ɗaga murya ba, ya juyo masa da kwamfutar kawai ya ce, "Baba, ba mu muka auna ka ba, kai ka auna kanka." Ya ce in yana son gyara ƙofa a buɗe take, ya faɗi gaskiya, ya biya na baya da tara, amma shaguna kam sun ƙare. Mai hatsi ya fita, ya dawo bakin ƙofa, ya sake fita. In ya faɗa, ya tona wa kansa asiri. In ya ƙi faɗa, ba inda zai zuba kaya. Yana cikin wannan kai-komo aka rushe tsohuwar kasuwa. Ya jibge buhunansa a bayan rumfa ya lulluɓe da tamfol, tamfol bai kai ƙasa ba. Damina ta sauka, kwata ta cika ta tumbatsa. Ranar da ya yaye tamfol ɗin, masara ta huda buhu ta tsiro kore shar, kamar gona. Awakin kasuwa ne suka ci ribar.

To, ɗauki wayarka. Sa ɗinkin sallah, sa na rigunan 'yan makaranta. Abin da ba ka gane ba ka je ofishin masu haraji ka tambaya, ba teburin mai shayi ba. Ka gama kafin a kira la'asar, na gaji da ƙarar takalminka. Irin wannan mutumin Hausawa suka gani suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.