Duba Da Kyau, Likita

Likita ya juyo mana da allon kwamfuta, hoton ƙwaƙwalwata a kai. Tun da aka ce jijiyar wuyana ta tsuke, jini ba ya wucewa sosai, tunanina ɗaya ne: idan kaina ya taɓu, wa zai riƙe shagon waldata, wa zai ciyar da ƙananan yaran?

Babban ɗana ne ya kawo ni. Yaron da ya daɗe bai leƙo gida ba, yau har takalmi ya cire mini.

"Baba, jijiyar ta tsuke kam, za mu ɗora ka a kan magani," in ji likita. "Amma ƙwaƙwalwarka lafiya lau. Waɗannan fararen ɗigon na shekaru ne kawai."

Na yi hamdala, na juya ga ɗana. Fuskarsa a murtuke.

"Likita, duba da kyau dai." Ya rage murya, ya manta kunnena ma lafiya lau. "Lauya ya ce sai kun tabbatar ya ruɗe kafin a damƙa mini shagon."

Da muka tashi, ni na sa takalmina da kaina.