Kafris ɗin Mahmudu

Sai an ɗan ɗaga ƙofar direba kafin ta buɗe. Hafizu ya daɗe yana kokawa da ita bai gane ba. Tsohon da ya zo neman aiki bai tambayi kowa ba, ya sa gwiwa ya ɗaga, ta buɗe.

Motar Kafris ce ta zamanin da, mai dogon bonet, ta Mahmudu, baban Hafizu. Tun da Mahmudu ya rasu take yashe a bayan gidansu a unguwar Mansur a Makka, kyanwoyi suna haihuwa a cikinta. Hafizu ya sa a ransa zai tashe ta, kuma ba don kai tsofaffi Harami ba. So yake ta bar motocin abokansa a baya.

Sunan tsohon Salihu. Daga tudun Nakkasa yake gangarowa a ƙafa. Ya zo hajji tun yana saurayi bai koma ba, kuma bai taɓa samun iƙama, takardar izinin zama, ba. Kowa a layin ya sani. Irinsa, kira ɗaya a waya ya isa a sa shi a jirgi.

Suka cire tsohon inji. A wurin masu sayar da kayan matattun motoci suka samo na wata babbar jif da ta yi hatsari. Injin bai zauna ba sai da Salihu ya yanke ƙarfe ya yi masa sabon mazauni. Ya canza lagireto, ya sa salansa mai faɗin baki, ya sauke motar ta kusa taɓa ƙasa. Kullum yana kwance a ƙarƙashinta, Hafizu yana tsaye a inuwa da waya a hannu.

"Yalla, ya shaiba! Barci kake a ciki?"

Haka yake kiransa, wato tsoho mai furfura. Wani lokaci Hafizu yakan tsuguna ya taya shi ɗaure noti. Dukansu da hagu suke riƙe sifana. A irin wannan lokacin tsohon yakan rage sauri.

Hure, uwar gidan, ita ce ke aiko da abinci, kuma a farantin baƙi. Hafizu ya riƙa juye shi a roba kafin ya miƙa.

"Ka daina ce masa shaiba," in ji ta.

"To me zan ce masa, Umma? Shaihi?"

Ta ja mayafi ta koma ciki.

Ranar da injin ya tashi, tagogin maƙwabta suka yi rawa. Hafizu ya yi tsalle kamar yaro. Salihu ya goge hannu a tsumma.

"Birkin na tsohon inji ne. Ba zai riƙe wannan ba."

"Gudu nake so, ba tsayawa ba."

"To ba ka fita da ita kai kaɗai."

Bayan la'asar suka hau hanyar Arfa. In ba lokacin hajji ba, titin fayau yake. Abokan Hafizu suna biye a motocinsu, wayoyi a waje suna ɗauka. Ya danne totur. Allurar mita ta kwanta, iska tana dukan ƙofofi, abokai suka zama ɗigo a madubi.

Tankar ruwa ta fito daga kwana. Hafizu ya taka birki, ƙafarsa ta nutse, motar ba ta ji ba. Salihu ya fizgi sitiyari. Suka goge gefen tankar, suka yi juyi, suka tsaya cikin tsakuwa.

Hafizu ya fito yana dariya. Abokai suka iso da ihu. Salihu ya zagayo a hankali, ya tsaya gaban Hafizu. Ya kwaɗa masa mari.

Wayoyi duk sun ɗauka. Kafin magariba samarin Mansur sun gama kallo. Wani ya haɗa da kiɗa.

Washegari Hafizu ya sayo sabon birki na ƙafa huɗu, ya aika a kira tsohon. Masu shayi a bakin layi suka ce wa Salihu kada ya je. Ya je.

Ya ɗauki lokacinsa. Ya ɗaure kowane noti, ya sake bi. Ya zuba mai, ya fitar da iska, ya sa Hafizu ya taka har ƙafar ta tsaya da ƙarfi.

"Halas?" in ji Hafizu.

"An gama."

Hafizu ya koma gefe ya danna waya. Bai ko rage murya ba.

Salihu yana wanke hannu da fetur motar jami'ai ta shigo layin. Bai gudu ba. Hure ta fito ba takalmi, tana kiran sunan Hafizu, tana cewa ya tsaya ta gaya masa magana. Salihu ya dube ta, ya girgiza kai sau ɗaya. Ta toshe bakinta da mayafi. Hafizu ya shiga Kafris ya yi ta danna totur har ƙarar ta rufe kukanta.

A inda ake tara waɗanda za a mayar gida, wani jami'i ya dubi furfurarsa.

"Duk shekarun nan a Makka, ya Hajji, ba ka da kowa? Ko ɗa?"

"Babu," in ji Salihu.

Da ya ce akwai, da sun tambayi yadda jaririn da ya haifa ya shiga iƙamar Mahmudu, kuma da Hafizu ne zai zauna kusa da shi a jirgi.