Ƙulli a Wuyan Abir

Ana tsakiyar cin abincin rana sarƙar ta tsinke daga wuyan Abir, ta faɗa cikin farantin shinkafa, a gaban mahaifinta Turki.

'Yar azurfa ce, zare ɗaya ya nannaɗe kansa, ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. Ta waya Abir ta saye ta. Can ta karanta wai alamar maguzawan ƙasar Ailan ce na dā, wai uwa da ɗa ne a ƙulle. Ita ba ma'anar ce ta ja ta ba. Ranar da ta fara ganin zanen sai ta ji kamar ta san shi tun kafin ta yi wayo.

"Alamar arna a gidana, a cikin Makka?" in ji Turki. "Wa ya kawo ta?"

Abir ta san halinsa sarai. Zai karɓe wayar, ya hana ta jami'a, alhali saura wata biyu ta gama.

A bakin ƙofa Mairama na tsaye da tiren shayi. Shekara ashirin da biyu tana aiki a gidan, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba inda za ta in an kore ta. In ta sami sarari takan ɗinka huluna masu dagi, wannan ƙullin na mutanen Arewa, ta kai kasuwar titin Mansur ta sayar.

"Khala Mairama ce ta ba ni, Abuya. Dubi hulunanta, ai duk zanen ne," in ji Abir.

Kai, yarinyar nan ko muryarta ba ta yi rawa ba!

Basma, matar gidan, ta saki cokali, ta buɗe baki. Mairama ta dube ta sau ɗaya, Basma ta rufe bakin.

"Ni ce, Alhaji," in ji Mairama.

Turki dama ya daɗe yana neman hanyar rabuwa da ita. Kafin la'asar jakarta na waje. Abir ba ta ko leƙo ba. Kwana huɗu Mairama ta yi tana raɓe-raɓe a unguwar Hindawiyya, a na biyar 'yan kame suka tambaye ta takarda.

A wurin da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, mai binciken kaya ta zazzage jakar: zannuwa uku, allura da zare, sai wani tsohon zanen goyo da ya koɗe. Daidai inda fuskar yaro ke kwanciya an ɗinka dagi da baƙin zare.

"Wannan tsumman fa? A yar?"

Mairama ta fizge shi, ta ƙanƙame a ƙirji. Da shi ta goyi Abir har ta shekara uku, kuma a cikinsa ta naɗe ta ranar da ta haife ta, ta miƙa wa Basma a rubuta ta 'yar gida, don kada wata rana a tare ta a hanya a tambaye ta takarda.