Shatin Hannun Baba

Zulai ta iske Muzzammil, saurayin da aka sa musu ranar aure, a bakin tsohon masallacin ƙasa na ƙauyensu, katafilar da ya kawo tana gurnani a bayansa. Kakannin kakanninta suka gina masallacin. Duk shekara kafin damina danginta ke yaɓe shi, kowa ya bar shatin hannunsa a bango.

"Na siminti zan gina muku, har da tayil," in ji shi, ko kunya babu.

"Malam, shatin hannun marigayi Babana yana jikin bangon nan."

Ya dube ta, ya dubi direba, bai ce a tsaya ba. Tana tsaye bangon ya zube.

"Ka aiko a kwashe lefenka kafin la'asar," ta ce.