Ɗigo Biyar

Mai shagon kifin ado ya ɗaga kwalbar gwajin ruwan da wata matashiya ta kawo daga tankin gidansu. Ruwan ya rikiɗe ya zama ja.

"Taki ya yi yawa, shi ya sa gansakuka ke shaƙe tsiran. Nawa kike zubawa?"

"Ɗigo biyar duk Asabar, yadda Baba ya rubuta."

Mahaifinta ya haɗa tankin gilashin mai tsirran ruwa a falo wata biyu kafin rasuwarsa. Ita ta gaji kula da shi, don mahaifiyarta ko kallonsa ba ta yi.

"To, wani na ƙarawa," in ji mai shagon.

Washegari da safe ta tarar da mahaifiyarta tsaye gaban tankin, kwalbar taki a hannu.

"Umma, ke ce?"

"Kullum. Shekara talatin ina zuba wa Babanki abinci war haka. Hannun ya ƙi dainawa."