Gyaran Amfilifayar Gwani

Karo na uku ke nan Gwani ya dire amfilifayarsa a kan teburin kawunsa mai gyaran kayan sauti. Irin akwatin nan ce mai sifika a cikinta, wadda masu gitar bas, mai kaurin sautin nan, ke jonawa. Sunan Gwani kuwa shi ya raɗa wa kansa, da ya ga mutane suna ta jan ƙafa wajen kiransa haka.

"Kawu, har yanzu kukan jaki take yi. Oga ya ce in sautina bai gyaru ba ran Asabar, in nemi wata sana'ar."

Oga shi ne shugaban ƙungiyar mawaƙan da Gwani ya shekara shida a cikinta, kuma ba ya magana biyu.

Kawu ya riga ya canza sifika, ya cusa soso a cikin akwatin, ya ɗaure duk notin da ya kwance. Ya jona gitar ya taɓa da kansa, sauti ya fito garau. Gwani na karɓa, jaki ya dawo. Gwani ya ce ai ga ta nan, amfilifayar ba ta jure hannun manya. Kawu ya dube shi, tausayin ƙanwarsa ya kama shi, don da kiɗan ɗan nan nata ake ɗora tukunya a gidan.

"Bar ta nan," in ji shi. "Ni zan kai ta, in haɗa ta da hannuna."

Ran Asabar da la'asar Kawu ya riga kowa isa zauren da ƙungiyar za ta yi wasa. Ya daɗe a tsugune bayan akwatin, ya ja wata doguwar waya ta ƙarƙashin kafet, sannan ya tsaya ƙus-ƙus da matar da ke kaɗa wa ƙungiyar fiyanon lantarki. Ta yi ajiyar zuciya, ta shiga murza yatsunta.

Aka soma kiɗa. Bas ya fito da kauri, a natse, yana ratsa ƙirji. Mai ganga ya waiwayo har sau biyu, yana neman baƙon da aka ɗauko. Gwani ya lumshe ido yana kaɗa kai. Dama ya sani, shekara shida kayan aiki ne ke cin amanarsa. Gyaran ya yi kyau har ko kuskure amfilifayar ta daina fitarwa.

A tsakiyar waƙa ta uku Oga ya kasa daurewa. Ya nuna Gwani da makirfo, zauren ya ɗauki tafi. Can gefe Kawu na ta girgiza kai yana yi masa alama da hannu, Gwani ya ɗauka jinjina ce.

Daɗi ya kwashe shi. Ya saki gita, ya ɗaga hannuwansa biyu sama a gaban Oga da jama'a, bas kuwa ya ci gaba da tashi daga amfilifayar daram, daidai da hannun hagun mai fiyano.