Ƙundun Kaza Ya Wuce Ni

Tiren nama ya iso layinmu na dattawa, sai na gyara zama.

Ni ne fa na je yaƙin Bama zamanin Turawa na dawo da ƙafafuna. Agana ta kwashe sa'o'ina a ƙauye, ni zane kawai ta bar min a fuska. Injin masaƙar Kakuri ya ci yatsun mutane, nawa ga su nan cif. Ban taɓa zama a aji ba, amma da likita ya ce jinina ya hau, in bar nama da ƙwai da madara, ban sa ya maimaita ba. Kullum wake, acca, miyar karkashi ba ko kifi. Na gaji da su, amma ina nan.

A wajenmu, ƙundun kaza na babba ne a dangi. Duk bikin da aka yi, gabana ake fara kawo shi. Sai in ɗaga hannu in ce, "Likita ya hana, ku ba ƙanena." Kowa ya ji cewa da izinina ya ci.

Yau auren jikata. Tun a coci nake juya maganar a bakina.

Matar ɗana ta durƙusa, ta ajiye min kwanon faten wake.

"Baba, ga naka. Ko man shanu ban sa ba."

Ta miƙe da tiren, ta wuce ni, ta durƙusa gaban ƙanena. Ya ɗauki ƙundun, bai ko dube ni ba.

Hannuna yana sama. Na sauke shi a hankali, na ɗauki cokali.